Wuya Ɗaya, Awo Biyu: Yadda Aka Auna Kaurin Bangon Jijiyata

Sama da shekara 30 ina zagaya tef a wuyan mutane don in yanka musu wuyan riga, ban taɓa kawowa a raina cewa wata rana za a kwantar da ni a auna nawa wuyan daga ciki ba. Gardama ce ta kai ni. Shekarata 55, na yi shekara 6 ina shan maganin hawan jini, mahaifina kuma shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da shi har Allah ya karɓi abinsa. Da gwajin jini ya nuna kitsen jinina ya ɗan haura, likitan da ke duba ni ya ce zai ƙara min wani magani, irin mai rage kitsen jini da ake kira sitatin. Na ce atafau. Ƙwaya ɗaya kullum ta ishe ni, ga shi babu inda ke yi min ciwo. Ya yi shiru yana juya biro a hannu, can ya ce, "To Malam, tunda gani ya kori ji, je ka a ɗauko mana hoton jijiyoyin wuyanka. In bangonsu ƙalau yake, mu ƙara ba motsa jiki da gyaran cima wata 6. In kuwa mun ga wani abu, sai ka yarda da ni." Ya rubuta takardar turawa, wadda ban iya karanta komai a cikinta ba sai haruffa uku, IMT, waɗanda daga baya na gane suna nufin kaurin bangon jijiya. Haruffan nan sun hana ni sukuni kusan sati biyar, alhali da na san abin da na sani yanzu, da ruɗanin bai kai kwana biyu ba.

Kuskuren farko nawa ne. Ban tambayi likitan inda ya dace in je ba, na ɗauka sikanin duk sikanin ne. Washegari na shiga wani wuri da na saba ganin allonsa a hanya. Na miƙa takarda, na biya, aka ba ni rasit, na zauna a benci a tsakiyar mata masu juna biyu, ni kaɗai namiji. Wannan kaɗai ya isa ya gaya min irin aikin da wurin ya fi sabawa da shi, amma ban farga ba. Na yi kusan awa biyu kafin a kira ni. A ciki kuwa ko minti goma ban yi ba. Ma'aikacin ya shafa min jel, ya goga kan na'urar a wuyana nan da can, ya tsayar da hoto, ya ɗora wasu 'yan alamomi guda biyu a kan allo, shi ke nan. Takardar da aka ba ni layi ɗaya ne mai amfani a cikinta: IMT milimita 1.1. Babu hoto, babu bayanin dama ko hagu. Da na dawo gida na yi abin da kowa ke yi, na ɗauki waya na shiga bincike. Na ci karo da cewa likitocin hawan jini a Turai suna ɗaukar abin da ya wuce milimita 0.9 a matsayin alamar jijiya ta fara taɓuwa. Gabana ya faɗi. Kwana uku ina kwana ina shafa gefen wuyana, ina tuna ranar da bakin mahaifina ya karkace. 'Yata, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ita ce ta karɓe wayar daga hannuna. Ta ce, "Baba, lamba ɗaya ba tare da hoto ba ai jita-jita ce. Ka bari wanda ya tura ka ya gani."

Ranar komawata asibiti saura sati biyu, kuma ban sami canjin rana ba, dole na jira. Da likitan ya karɓi takardar, sai ya fara jero min tambayoyin da ba ni da amsarsu. Wane ɓangare aka auna? A wane gurbi na jijiyar? Matsakaicin kauri ne ko wuri mafi kauri? Na ce ranka ya daɗe, ni dai kwanciya na yi. Ya juya bayan takardar ya zana min. A kowane gefen wuya akwai babbar jijiya mai kai jini kai, sunanta karotid. Tana hawowa a miƙe, sai dab da muƙamuƙi ta ɗan kumbura ta rabu biyu, reshe ɗaya ya nufi ƙwaƙwalwa, ɗaya ya nufi fuska. Bangonta hawa uku ne: shafi na ciki mai santsi da jini ke gogawa, wato intima, sai na tsakiya mai tsoka, wato midiya, sai na waje. Abin da ake aunawa shi ne na ciki da na tsakiya a haɗe, daga nan haruffan suka samo asali. Ya ce tun 1986 wani mai bincike a Italiya, Paolo Pignoli, shi da abokan aikinsa suka nuna cewa layuka biyu masu haske da sikanin ke nunawa a bangon jijiya sun yi daidai da kaurin waɗannan hawa biyu idan aka yanka jijiyar aka duba ta a madubin likita. To amma a wurin kumburin nan bango ya fi kauri ko a jikin mai lafiya, kuma nan kitse ya fi son taruwa. Wanda ya ɗora alama a can zai sami lamba dabam da wanda ya ɗora a miƙaƙƙen wurin da ke ƙasa.

Nan ne sana'ata ta taimake ni na gane. Teloli biyu za su auna wuya ɗaya su sami bambancin rabin inci, don ɗaya ya matse tef, ɗaya ya saki, ko ɗaya ya auna sama da maƙogwaro. Mu a wurinmu ƙaramin layin da ke jikin tef, kashi ɗaya cikin takwas na inci, ya ɗan wuce milimita 3. Su kuwa duk abin da suke aunawa bai cika milimita 1 ba. Likitan ya ce in zaro katin bankina in duba gefensa, kaurinsa milimita 0.76 ne, kuma kusan hakan bangon jijiyar mai shekaruna yake. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a irin wannan siranta ido da hannu duk suna iya zamewa, kuma zamewa kaɗan ce ke mayar da 0.8 ta koma 1.0. Saboda haka ya sake rubuta min takarda zuwa sashen hoton zuciya da jijiyoyi na wani babban asibiti, ya ja layi a ƙarƙashin buƙatarsa: ɓangare biyu, awon da manhajar na'ura ke yi da kanta, sannan a bincika ko akwai dunƙulen kitse.

A can tafiyar ta fi tsawo amma a tsare take. Ofishin kati tukuna, inda suka buɗe min fayil da takardar turawa da katin shaida. Daga nan wurin biya, sannan na koma sashen da rasit aka ba ni rana, kwana 12 a gaba. Wannan karon na yi tambaya tun kafin in zaro kuɗi: kuɗin ya haɗa da rubuta sakamako? Za a ba ni hotunan? Aka ce sakamako yana ciki, kwafin hotuna kuwa sai an nema daban. Na kuma tambaya ko zan zo da azumi, don an taɓa sa ni hakan a sikanin ciki. Aka ce babu buƙata, in ci abincina, in sha maganina kamar kullum, in dai zo da riga mai buɗaɗɗen wuya da tsofaffin takarduna. Wanzami ba ya son jarfa: duk rigunan da na ɗinka wa kaina masu tsayayyen wuya ne, sai da na tono wata tsohuwa mai maɓalli.

Ranar na isa da wuri, na jira kamar minti 40. Wadda ta karɓe ni mace ce mai natsuwa, ba ta wuce sa'ar 'yata ba. Ta tambayi shekaruna, ta duba takardar likita, ta tambaya ko ina shan taba, ko ina da ciwon suga, ko an taɓa yi min aiki a wuya. Sannan ta liƙa min 'yan faci uku masu waya a jiki. Na ce, "Malama, wuya aka ce a duba, me ya kawo zuciya?" Ta yi murmushi ta ce, "Baba, bangon jijiya ba ya tsayawa cik. Duk lokacin da zuciya ta harbo jini, jijiyar tana buɗewa, bangon ya ɗan sirance, in ta saki ya dawo. Dole mu auna kowa a lokaci ɗaya na bugun, daidai sanda zuciya ta gama hutawa." Ta nuna min layin bugun zuciyar yana gudu a ƙasan allo, da ɗan tsinin da take tsayar da hoto a kansa. A wurin farko babu wanda ya liƙa min komai. Ta kwantar da ni rigingine, ta cire matashin kai, ta sa ɗan naɗaɗɗen tawul a ƙarƙashin wuyana, ta juya fuskata zuwa hagu kamar rabin juyawa, ta rage hasken ɗakin.

Jel ɗin akwai sanyi, bayan wannan babu wani ciwo, babu allura, babu irin hasken da ke cikin hoton ƙashi. Sauti ne kawai wanda kunne ba ya ji, na'urar ke aikawa ya bugi nama ya dawo. Kan na'urar ma dabam yake da wanda aka yi min amfani da shi a baya, wannan miƙaƙƙe ne mai faɗin baki, wanda aka yi don abin da ke kusa da fata. Ta fara a gicciye daga saman ƙashin wuya, tana hawowa a hankali har ƙasan muƙamuƙi, tana leƙen kowane lungu. Sai ta juya shi a tsaye, ta karkato min allon don in gani. Jijiyar ta fito kamar baƙin kogi kwance, da gaɓa a sama da gaɓa a ƙasa. A gaɓar ƙasa, in ka ƙura ido, akwai siririn farin layi, sai ɗan duhu, sai wani farin layi mai kauri, kamar ɗinki biyu a bakin zane. Ta ce wannan bangon na nesa shi ake aunawa, domin a na kusa hasken shafin waje yana rufe siraran layukan. Ta daɗe tana gyara hannunta har sai da jijiyar ta kwanta sambal a allo, ta rage hasken hoton, don a cewarta in haske ya yi yawa layukan kan kumbura su ƙara wa bango kaurin da ba nasa ba.

Sai aka zo wurin da na biya kuɗi don shi. Ta tsayar da hoton a kan tsinin bugun zuciya, ta jawo wani ɗan akwati mai tsawon santimita 1 ta ɗora shi a miƙaƙƙen wurin da ke ƙasa da kumburin, ta danna. Kafin in ƙifta ido layuka biyu masu launi sun bi bangon daga wannan gefen akwatin zuwa wancan, ɗaya a iyakar jini da bango, ɗaya a iyakar shafin tsakiya da na waje. Lambobi suka fito a gefe: matsakaici, mafi kauri, da wata lamba mai nuna kashi nawa na tsawon manhajar ta iya bi ba tare da ta ɓata ba. Ta bayyana min cewa manhajar tana bin hoton ne ɗigo ɗigo, tana neman inda duhu ya rikiɗe ya zama haske farat ɗaya, ta haɗa wuraren su zama layi, sannan ta auna tazarar layukan a gurabe masu yawan gaske ta fitar da matsakaicinsu. Mai aunawa da hannu wuri ɗaya ko uku zai taɓa. Daga baya 'yata ta gaya min cewa tun a shekarun 1990 masu bincike a Suwidin suka nuna irin wannan manhaja tana rage saɓanin da ake samu tsakanin ma'aikaci da ma'aikaci a kan hoto ɗaya.

Abin da ya fi tsaya min a rai ya faru ne a kusurwa ta biyu. Na haɗiye yawu daidai sanda ta tsayar da hoto. Ta ɗora akwatin, layukan suka fito, lamba ta nuna sama da 1. Zuciyata ta buga, na ce to, ashe na farkon gaskiya ya faɗa. Ita kuwa ko a jikinta. Ta faɗaɗa hoton ta nuna min yadda layin sama ya bar bangon ya bi wani hazo da ke cikin baƙin kogin, wanda amsa-kuwwar sauti ce kawai, babu wani nama a wurin. Manhajar ta ga haske ta bi, kuma ta ba da lambarta ba tare da wata shakka ba. Ta goge, ta ce, "Baba, daure kada ka haɗiye, kada ka yi magana, ɗan riƙe numfashi." Ta sake ɗauka, layukan suka kwanta inda ya dace, lambar ta dawo 0.7 da 'yan kai. Tun daga lokacin na daina ɗaukar kalmar "na'ura ce ta auna" a matsayin hujjar da ta rufe magana. Keken ɗinki ya fi hannu daidaita ɗinki, amma in ka karkace zane a ƙarƙashin allura, karkataccen ɗinki zai ba ka, mai kyau kuma. Ta ɗauki kusurwa uku a dama, ta juya kaina ta ɗauki uku a hagu.

A hagun ne ta yi jinkiri. Ta koma wurin kumburin ta tsaya, ta duba a tsaye, ta duba a gicciye, ta ajiye hotuna da yawa. Nan ba ta yi amfani da akwatin ba, da hannu ta ɗora alamomi. Sannan ta kunna launi, jinin ya fito ja a allo, ɗakin ya cika da wani sauti fuu, fuu, wanda ta ce awon gudun jini ne da ake kira Dofla. Na tambaye ta me ta gani. Ta ce aikinta ɗaukar hoto da awo, fassara ta likita ce. A lokacin na ji haushi, yanzu kuwa na ga daidai ta yi. Duka aikin ya ɗauki kamar rabin awa. Ta ba ni takardar goge jel, ta ce in dawo bayan kwana uku. Kafin in fita na je na cike takardar neman kwafin hotuna, aka saka min su a faifai.

Sakamakon shafi biyu ne. Matsakaicin kauri a dama milimita 0.74, a hagu 0.79. An rubuta gurbin da aka auna, da bangon da aka auna, da cewa manhaja ce ta bi layukan kuma ma'aikaciya ta tabbatar. Akwai jadawali da ya kwatanta ni da maza sa'o'ina: in an jera mutum 100 daga mai siririn bango zuwa mai kauri, ina tsakanin na 50 da na 75, kuma daga na 75 zuwa sama ne ake cewa kauri ya yi yawa. Na fara murna. Sai idona ya sauka a layin ƙarshe: dunƙulen kitse guda ɗaya a kumburin hagu, kaurinsa milimita 1.7, bai tare hanyar jini ba.

Likitana ya karanta shafin farko da sauri, ya daɗe a kan wannan layin. Ya ce akwai ƙa'idar da masana suka tsayar a birnin Mannheim na Jamus a 2004, suka sabunta ta a 2006 da 2011: in wani wuri a bango ya turo cikin jijiya da aƙalla rabin milimita, ko ya fi maƙwabcinsa kauri da rabi, ko ya wuce milimita 1.5, wannan ya tashi daga kaurin bango ya zama dunƙulen kitse. Mai yiwuwa, in ji shi, ma'aikacin farko gefen wannan dunƙulen ya taɓa ya kira shi IMT. Ya kuma gaya min abin da ban zata daga bakin wanda ya tura ni gwajin ba. Kauri yana tafiya da haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki idan aka dubi dubban mutane, amma a kan mutum ɗaya abin da yake ƙarawa a kan shekaru, hawan jini, kitsen jini, suga da taba kaɗan ne. Wani babban nazari da aka fitar a 2012, wanda ya haɗa sama da mutum 45,000, haka ya nuna, kuma a 2013 ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka suka ce kada a mayar da awon abin yi wa kowa da kowa. Ganin dunƙulen kitse ya fi lambar kauri faɗar gaskiya, domin shi cutar ce da kanta ta fara, ba inuwarta ba. Na tambaya ko in riƙa maimaita awon duk shekara. Ya girgiza kai. Abin da bango ke ƙarawa a shekara bai fi kusan milimita 0.01 ba, kuskuren awo kuwa ko da manhaja ya fi haka, don haka sauyin da zan gani shekara zuwa shekara zai iya zama na hannu da na'ura ne kawai.

Wanda aka rubuta wa wannan gwaji, ya tambayi likitansa tun a kujera me za a yi da sakamakon, don in amsar ba za ta canza magani ba, kuɗin da zaman layin ba su da amfani. Ya tambayi inda zai je, kuma kafin ya biya ya ji ko suna yin jijiyoyin wuya a kai a kai, ko na'urarsu tana da manhajar awon, ko suna duba dunƙulen kitse a ɓangare biyu. Takardar da ba ta faɗi dama da hagu, da gurbin awo, da matsakaici ko mafi kauri ba, kada ya bari ta hana shi barci kamar yadda tawa ta hana ni. Kada ya jera lambar wani wuri da ta wani wuri ya ce ya samu sauƙi ko ya ƙara lalacewa, tef ɗin ba ɗaya ba ne. Ya karɓi hotunansa, don su ne likita na gaba zai iya dubawa da idonsa. Jadawalin sa'o'i ma an gina shi ne a kan mutanen da aka yi nazari a kansu, galibi a Amurka da Turai, saboda haka ma'auni ne na kusa. Wanda kuwa bakinsa ya karkace, ko hannu ya mutu masa, ko magana ta sarƙe, ko ido ɗaya ya rufe ko da na minti biyu ne, wannan ba mai jiran ranar sikanin ba ne, sashen gaggawa zai nufa a take.

Ni dai na cika alkawari. Na karɓi takardar sitatin a ranar, likitan yana dariya yana cewa da na yarda tun farko da na huta da sati biyar. Ya ba ni wata uku in dawo a sake gwajin kitsen jini. Takardun biyu suna nan a fayil ɗaya da faifan, mai 1.1 a ƙasa, mai shafi biyu a sama.